Tarihin Ceto Bayanai Daga Ma'adanar Da Ta Daina Aiki

Maudu'inmu na yau ya shafi duk wanda ya taɓa zuba hotunan biki, ko kundin digiri, ko aikin fim, ko lissafin shago a cikin 'yar akwatin nan da ake jona wa kwamfuta da waya, wadda a kasuwa ake kira estanal. Ranar da ta ƙi tashi, tambaya ɗaya mai ita ke yi: shi ke nan kayana sun tafi? Amsar tana cikin tarihin na'urar kanta. Kusan shekara 70 ke nan ana ƙera irinta, ana kuma ceto bayanai daga cikinta, kuma abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, sau da yawa bayanan suna nan daram a ranar da ma'adana ta tsaya. Abin da aka yi mata bayan nan shi ke raba gardama.

Faifai 50 na farko

A watan Satumba na 1956 kamfanin IBM ya fito da ma'adanar farko mai faifan maganaɗisu, mai suna IBM 350, a matsayin wani ɓangare na kwamfutar RAMAC. Wani injiniya mai suna Reynold Johnson ne ya jagoranci aikin a garin San Jose na jihar Kalifoniya a Amurka. Faifai 50 ne aka jera a kan sanda ɗaya, kowane faɗinsa inci 24, suna juyawa sau 1,200 a minti guda. Nauyin na'urar ya kai wajen tan ɗaya, amma abin da take ɗauka haruffa miliyan 5 ne kacal, wato ƙasa da megabait 4. Hoto ɗaya mai kyau na wayar yau ya isa ya cika ta.

A 1962 kamfanin ya sake fito da wata mai suna IBM 1311, wadda ake iya cire tarin faifanta a sa a murfi a ɗauka a hannu zuwa wani ofis. Wannan ita ce kakar estanal ɗin da ke cikin jakarka.

Duk da ƙanƙancewar da na'urar ta yi daga baya, tsarinta bai sauya ba. Akwai faifai da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, akwai injin da ke juya shi, akwai kuma hannu mai ɗauke da wata 'yar allura da ke rubutu da karatu. Bayananka suna kan faifan ne kawai. Sauran kayan duk 'yan aike ne. Ɗan aike na iya faɗuwa a hanya, saƙo yana nan a inda aka ajiye shi. A kan wannan gaskiyar aka gina sana'ar ceto bayanai gaba ɗayanta.

Allurar da ba ta taɓa faifai

Waɗanda suka ga garmaho sun san allurarsa kan faifai take zama tana gogarsa. Ta ma'adanar kwamfuta shawagi take yi a samansa. Tun daga samfurin IBM 1301 na 1961, iskar da juyawar faifai ke haifarwa ita ke ɗaga allurar. Gwargwadon kusancinta da faifai, gwargwadon yawan bayanan da za a iya cusawa, don haka injiniyoyi suka yi ta rage tazarar shekara bayan shekara. Da tazarar ta yi ƙanƙanta, ƙura ta zama abokiyar gaba. A 1973 IBM ya fito da samfurin 3340, wanda aka yi wa laƙabi da Winchester, inda aka rufe faifai da allura a gida ɗaya. A 1980 kamfanin Seagate ya ƙera ST-506 mai ɗaukar megabait 5, wadda ta shiga cikin ƙananan kwamfutoci, aka fara samun ma'adana a teburin mutum ɗaya.

A yau tazarar allura da faifai ba ta kai nanomita 10 ba, alhali kaurin silin gashin kai yana tsakanin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Faifan ƙaramar estanal kuma yakan juya sau 5,400 a minti. Idan ta faɗo daga tebur tana cikin aiki, allura kan daki faifai ta kankare sinadarin da bayanai ke kai. Garin da ya kankaru ya bazu a ciki, ya sake shiga ƙarƙashin allura, ya sake kankaro wani. Ƙarar nan ta ƙwas-ƙwas da ake ji, hannun allura ne ke fita neman alamomin da ke nuna masa hanya, ya rasa, ya koma ya sake fitowa. Duk jonawar da aka yi wa ma'adana mai wannan ƙara, ana iya ƙara share wani yanki ne da jiya ake iya karantawa. Wurin da aka kankare kuwa babu gwanin da zai dawo da shi.

Share suna daban, share kaya daban

Kafin a fara buɗe ma'adanai a ɗakunan gyara, an fara gano cewa ba kowace asara ce ta ƙarfe ba. Kwamfuta tana ajiye wani jadawali mai nuna sunan kowane fayil da wurin da yake a faifai, kamar littafin mai sito da ke nuna buhun wane yana layi na nawa. A tsarin DOS na shekarun 1980, idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta zuwa ta share abin da ke ciki. Harafin farko na sunan take canzawa da wata alama, sannan ta rubuta cewa wurin ya zama fili, wani na iya shiga.

Wani mai rubuta manhaja a Amurka, Peter Norton, ya lura da haka. A 1982 ya fitar da tarin manhajojinsa na Norton Utilities, cikinsu har da UnErase, wadda ke nuna maka fayilolin da ka goge, ta nemi ka ba ta harafin farko na sunan, ta dawo maka da su. Abin ya karɓu har kamfanin Microsoft ya sa irin wannan dabara a cikin MS-DOS 5.0 a 1991.

Tun wancan lokaci sharaɗin ɗaya ne: kada a zuba sabon abu a wurin. Littafin mai sito na iya yagewa buhuna suna nan, amma in aka kwashe su aka loda wasu, magana ta ƙare. Wannan ya sa saƙon da Windows ke fitarwa cewa sai ka yi wa ma'adana fomatin kafin ka yi amfani da ita yake da haɗari. Yawanci ma'anarsa jadawalin ne ya rikice, sau da yawa saboda an fizge waya ana cikin rubutu ko wuta ta ɗauke. Wanda ya amsa da "to", sannan ya ci gaba da zuba sabbin kaya, shi ya binne nasa da hannunsa.

Yadda ceto ya zama sana'a

A tsakiyar shekarun 1980 ma'adanai suka cika ofisoshi, asara ma ta yawaita. A 1985 aka kafa kamfanin Ontrack a jihar Minnesota, wanda ya fara da sayar da manhaja, sannan ya shiga aikin ceto bayanai a 1987. A 1985 ɗin dai aka kafa DriveSavers a Kalifoniya. Wannan kamfani na biyu har ma'aikaciya ya ɗauka wadda ta taɓa aikin lallashin masu neman halaka kansu ta wayar tarho, don ta riƙa kwantar da hankalin abokan ciniki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda asarar aikin shekaru ke gigita mutum.

Babban jarin waɗannan kamfanoni shi ne ɗaki mai tacacciyar iska. A ma'aunin da aka saba amfani da shi, ƙwayoyin ƙura masu girman rabin maikuron ko fiye ba sa wuce 100 a cikin iska mai faɗin ƙafa ɗaya, tsawon ƙafa ɗaya, zurfin ƙafa ɗaya. Iskar ɗakin gida kan ɗauki dubu ɗaruruwa, balle a ce lokacin hunturu ne. A irin wannan ɗaki ake buɗe murfi, a cire allurar da ta mutu, a dasa wata da aka ciro daga ma'adana mai samfuri iri ɗaya, a karanta faifan sau ɗaya, a kwashe abin da ke kai.

A Rasha kuma, a birnin Rostov, an kafa kamfanin ACE Lab a 1991, wanda ya ƙera na'urar PC-3000. Aikinta shi ne yi wa ma'adana magana da harshen masana'anta, ta shiga ɓoyayyen yankin faifai inda manhajar cikin ma'adanar ke zaune, ta gyara ta. Har yau tana cikin manyan kayan aikin masu wannan sana'a a duniya.

Daga wancan zamani ne kuma muka gaji wasu dabaru da har yanzu ake yaɗawa. Ma'adanan ƙarshen shekarun 1980 suna da wata cuta: allura kan manne da faifai idan an kashe na'ura, injin ya kasa juyawa. Mutane suka gano in aka ɗan bubbuga ta ko aka murɗa ta da hannu takan saki. Wasu kuma suka riƙa sa ta a firiza don ƙarfe ya tsuke. A kan na'urar da ke ɗaukar megabait 20 ko 40, wani lokaci akan dace. A kan ta yau, duka na karya allura, sanyin firiza kuma yana tara raɓa a kan faifai. Maganin ya rayu, cutar da aka yi shi dominta ta sauya kama. Garin neman gira ake rasa ido.

Abin da ya faɗo daga sama

Babu labarin da ya fi nuna juriyar faifai kamar na kumbon Columbia. Ranar 1 ga Fabrairun 2003 kumbon ya tarwatse a sararin samaniyar jihar Texas yana hanyar dawowa duniya, 'yan sama jannati 7 da ke ciki suka rasu. Cikin tarkacen da aka tsinto har da wata ma'adana ƙirar Seagate da ke ɗauke da sakamakon wani gwajin kimiyya a kan sinadarin zinon. An aiko da wani ɓangare na sakamakon tun kumbon yana sama, saura yana cikinta.

Aka kai ta kamfanin Kroll Ontrack, hannun wani injiniya mai suna Jon Edwards. Ta ƙone, allon lantarkinta ya babbake, abin da ke hana ƙura shiga ya narke. Edwards bai gwada kunna ta ba. Ya ciro faifan, ya wanke su da sinadari, ya dasa su a jikin wata ma'adana mai lafiya. Ya samo kashi 99 cikin 100 na bayanan. Wani abu ya taimaka masa: kwamfutar gwajin da tsohon tsarin DOS take aiki, wanda ya jera bayanan a yanki ɗaya na faifai, kuma lahanin ya faɗa ne a yankin da ba a rubuta komai ba. A 2008 masu binciken suka wallafa sakamakonsu a mujallar Physical Review E.

Sai dai labarin yana da ɗaya gefen. An kai wa kamfanin wasu ma'adanai 2 daga kumbon, ba a samu komai a cikinsu ba, domin zafin ya lalata maganaɗisun faifan kansa. Nan iyakar sana'ar take. Muddin fuskar faifai tana da rai akwai fata, in ta tafi sai haƙuri.

Zuwan USB da estanal

An fitar da tsarin USB a 1996, amma jinkirinsa bai bari a ji daɗin ɗaukar manyan kaya ba. A shekarar 2000 USB 2.0 ya zo da saurin da ya ninka na baya sau 40, estanal ta zama kayan kowa. Masu ɗaukar hoton biki, masu tace finafinai a Kano, ɗalibai da 'yan jarida duk suka koma kanta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, estanal ma'adana ce irin ta cikin kwamfuta, aka sa ta a akwati, aka haɗa ta da wani ɗan allo mai fassara tsakaninta da USB. Kamfanoni 3 ne kaɗai suka rage masu ƙera ainihin ma'adanar a duniya, Seagate da Western Digital da Toshiba, kowane suna ka gani a jikin akwati. Wannan tsari ya ƙara wuraren da ke iya lalacewa ba tare da faifai ya ji komai ba. Waya na iya tsinkewa ta ciki. Bakin jonawa na iya girgiɗewa. Kwamfuta na iya gaza ba ta isasshiyar wuta. Manyan na tebur masu amfani da wuta bolt 12 sukan ƙone idan aka kuskura aka jona musu cajar laftof mai bolt 19, ko wuta ta dawo da ƙarfi. Sau da yawa wani ɗan maƙalli ne mai tsaron ƙofa ke ƙonewa a kan allon, ya ba da ransa don sauran su tsira. Don haka gwada wata waya, da wani baki, da wata kwamfuta, bai da laifi matuƙar ma'adanar ba ta faɗi ba kuma ba ta yin baƙuwar ƙara.

A da, in allon lantarki ya ƙone, sai a samo na wata mai samfuri ɗaya a ɗaura. Daga baya masana'antu suka fara adana ma'aunin da ya keɓanta da kowace ma'adana a cikin wani ƙaramin guntu a kan allon. Yanzu sai an ciro wannan guntu daga tsohon allo an liƙa a sabo. Wanda ya yar da allon da ya ƙone ya yar da makullin gidansa.

Wani lokaci ma babu abin da ya ƙone. A watan Janairun 2009 kamfanin Seagate ya amsa cewa wasu ma'adanansa samfurin Barracuda 7200.11 suna da kuskure a manhajar cikinsu, wanda ke sa su ƙi bayyana bayan an kunna kwamfuta. Bayanan suna nan babu abin da ya taɓa su. Kamfanin ya fitar da gyara, ya kuma yi tayin taimaka wa waɗanda abin ya shafa. Duk wanda ya jefar da tasa a lokacin, lafiyayyun kaya ya jefar.

Kwafi kafin gyara

Ƙa'idar da ƙwararru suka tsaya a kai ita ce, ba a yin aiki a kan majinyaciyar ma'adana. Ana kwafe ta ne sukutum zuwa wata mai lafiya, sannan a yi bincike a kan kwafin. A 2004 wani mai suna Antonio Diaz Diaz ya fitar da manhajar kyauta mai suna ddrescue. Hikimarta ita ce ta fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, ta rubuta taswirar inda ta tsaya, sai daga baya ta komo musu. Kamar mai kwashe kaya daga gidan da ruwa ke ci, abin da ke kusa da hannu ake fara fitarwa. Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya samar da TestDisk mai gyara jadawalin da ya rikice, da PhotoRec wadda ke bin faifai tana neman alamar da kowane irin fayil ke farawa da ita. Takan dawo da hotuna ko jadawali ya ɓace gaba ɗaya, sai dai ba da sunayensu na asali ba. Kuma duk abin da aka ceto, a wata ma'adana daban ake zuba shi.

Ma'adanai suna da tsarin duba lafiyar kansu tun tsakiyar shekarun 1990, mai suna SMART. A 2007 injiniyoyin Google suka wallafa bincike a kan ma'adanai sama da 100,000. Sun gano cewa wadda ta nuna kuskuren farko a binciken fuskar faifai, yiwuwar mutuwarta cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Sun kuma gano kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ba ko kaɗan. Gargaɗi in ya zo abin ɗauka ne da gaske, rashin zuwansa kuma ba shaidar lafiya ba ce.

Ƙofar tana ƙara tsukewa

Kowane ci gaba ya ƙara wa masu ceto wahala. Wasu estanal na yanzu bakin USB ɗin a jikin allon ma'adanar yake, babu damar ciro ta a jona kai tsaye. Wasu, kamar samfuran My Passport da yawa, suna kulle bayanai da lambar sirri a cikin na'urar ko mai ita bai sa kalmar sirri ba. Sabbin ma'adanai na SSD ba su da faifai ko allura, faɗuwa ba ta cika yi musu illa ba, amma akwai umarnin TRIM da ke ba su damar share abin da aka goge da kansu, ta yadda dabarar Peter Norton ba ta samun abin kamawa. Maganar cewa ana iya tono abin da aka rubuta wani a kansa kuwa, hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta bayyana tun 2006 cewa a ma'adanan zamani rubutu ɗaya a kai ya isa ya kawar da na ƙasa.

Wadda ta ceci fim daga gida

A 1998 ana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa a inda bai kamata ba. Kafin a cire wuta, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Aka garzaya wurin kwafin ajiya, aka tarar ya daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, tana aiki daga gida a lokacin saboda jego, kuma akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna, aka ɗauko ta a mota zuwa ofis. Da ita aka farfaɗo da aikin.

Wani mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yaɗa ƙa'idar da aka fi sani da 3-2-1: kwafi 3 na duk abin da kake ji da shi, a kan na'urori iri 2, 1 daga ciki a wani wuri daban da inda kake. Yawancinmu akasin haka muke yi. Mukan kwashe kaya daga kwamfuta ko waya mu zuba a estanal, mu goge na asali don samun fili, mu ce mun yi ajiya. Kwafi ɗaya ne dai har yanzu, wuri kawai ya sauya, kuma ya koma cikin na'urar da ta fi kowace yawo a jaka da faɗuwa daga tebur.

Saboda haka 'yan uwa, wanda tasa ta riga ta tsaya, ya saurari ƙararta. In tana ƙwas-ƙwas ko ta taɓa faɗuwa, ya cire ta ya ajiye, kada ya bari a buɗe murfinta a kan teburin kasuwa, ya nemi mai kayan aikin da ya dace. In tana juyawa lafiya amma tana neman fomatin, ya ƙi, a kwafe ta tukuna. Wanda tasa ke aiki kuma, ya yi kwafi na biyu kafin mu sake haɗuwa mako mai zuwa, sannan ya buɗe kwafin ya tabbatar yana buɗuwa. Mu kwana nan.